Elizabeth Siddal: Matar da Labarin Mutuwarta Ya Danne Aikinta

A gidan adana zane-zane na Tate Britain da ke Landan akwai wani zane da ba a raba gabansa da 'yan kallo. Budurwa ce kwance rigingine a cikin rafi, baki a ɗan buɗe, tafukan hannu sun leƙo saman ruwa, furanni na yawo kewaye da ita. John Everett Millais ne ya zana shi tsakanin 1851 da 1852, kuma abin da ya nuna shi ne mutuwar Ophelia, yarinyar da ta zauce ta faɗa ruwa a wasan Hamlet na Shakespeare. Fuskar kuwa ta mutum ce mai rai, Elizabeth Siddal, wadda a lokacin shekarunta 22.

Duk wanda ya nemi tarihin wannan mata zai karanta, abin da ake fara miƙa masa shi ne bahon wankan da ta kwanta a ciki aka zana ta, sai kwalbar maganin da ta kashe ta, sai kabarinta da aka tone. Ukun nan duk sun faru. Damuwata ita ce yadda aka jera su, har mai karatu ya ɗauka tun ranar da ta shiga bahon nan aka rubuta mata irin ƙarshen Ophelia, kamar shekara goman da ke tsakani jiran mutuwa kawai ta yi. A cikin shekarun nan ta koyi zane, ta sayar da aikinta, ta baje shi a bainar jama'a, ta rubuta waƙoƙi. Kuma abubuwan da suka kai ta kabari ba wani sirri ba ne, kowannensu yana da suna da dalili.

An haife ta a Landan ranar 25 ga Yuli, 1829. Mahaifinta yana sana'ar wuƙaƙe da cokula, asalinsa mutumin Sheffield ne. Ba matalauta tuburan ba ne, amma gida ne da 'ya mace sai ta fita ta nemo. Tana aiki a shagon ɗinkin hulunan mata kusa da dandalin Leicester lokacin da ta haɗu da wani matashin mai zane, Walter Deverell, wajen 1849. Labarin da ya fi yaɗuwa cewa ya yi Deverell ya hango ta a shago, dogon wuyanta da jan gashinta suka ɗauke masa hankali, ya garzaya ya shaida wa abokansa. Mai zane William Holman Hunt, abokin Deverell, shi ne ya ba da shi haka a littafin tarihin rayuwarsa na 1905, fiye da shekara hamsin bayan faruwar abin. Akwai wata ruwayar da ta fito a wata jaridar Sheffield jim kaɗan bayan rasuwarta, wadda ta ce ita ce ta nuna wa mahaifin Deverell, jami'i a makarantar koyon zayyana ta gwamnati, zane-zanen da take yi da hannunta. Ruwayar farko ta mai da ita abin da aka tsinta. Ta biyu ta nuna yarinya mai neman ƙofar shiga sana'a. Ta farkon ce aka fi maimaitawa, don ta fi daɗin ji.

Abokan Deverell su ne matasan da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Pre-Raphaelite a 1848, jagororinta Hunt da Millais da Dante Gabriel Rossetti. Sun yi wa koyarwar makarantar Royal Academy tawaye, suka ce za su zana komai yadda ido ya gan shi, ganye-ganye, gashi-gashi. Wannan aƙidar ce ta kwantar da Siddal a ruwa. Millais ya shafe watanni a bakin rafin Hogsmill da ke Surrey yana zana ciyayi da furanni, sannan ya koma ɗakin aikinsa a titin Gower cikin hunturu don ya ƙara mutum. Ya sayi wata tsohuwar riga mai aikin azurfa a kan fam 4, ya sa ta ta saka, ta kwanta cikin baho cike da ruwa, aka jera fitilun mai a ƙarƙashi don ruwan ya riƙe ɗumi. Wata rana fitilun suka mutu. Shi ya nutsa cikin aiki bai lura ba, ita kuma ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da kwanciya har sanyi ya ratsa ta. Ta kwanta rashin lafiya, mahaifinta ya nemi Millais ya biya fam 50 ko su haɗu a kotu, daga baya aka sasanta a kan kuɗin da bai kai haka ba. Zanen kuwa wani dillali, Henry Farrer, ya saye shi a kan fam 315.

Mutane suna karanta shirun da ta yi a bahon a matsayin alamar mace mai miƙa wuya ga wahala. Ni abin da na gani ma'aikaciya ce da ta san in ta motsa ta ɓata aikin yini guda. A Ingila ta wancan zamani, macen da ke zama a zana ta don kuɗi ana yi mata kallon wadda ta kusa da karuwanci, saboda haka wadda ta shiga harkar ta riga ta saka mutuncinta a caca, ba ta da sararin a ce ba ta iya aikin ba. Sannan ta warke daga wannan ciwon, ta ƙara shekara goma a duniya. Masu cewa sanyin bahon ne ya yi ajalinta suna haɗa abin da bai haɗu ba.

Daga wajen 1852 Rossetti ya keɓe ta, ta daina zama wa sauran. Ya zana ta tana karatu, tana barci a kujera, tana tsaye bakin taga, tana tsefe kai, ba adadi. Abokinsa Ford Madox Brown ya rubuta a kundin ajiyar sirrinsa a 1855 cewa an nuna masa aljihun tebur cike da zanen fuskarta, har ya kwatanta abin da taɓin hankali a kan abu guda. 'Yar'uwar Rossetti, mawaƙiya Christina, ta ga abin da ke ƙasa. A wata waƙa da ta rubuta a ƙarshen 1856, wadda ba a buga ba sai bayan rasuwarta, ta siffanta mai zanen da fuska ɗaya ce ke leƙowa daga duk allunansa, yana zana ta yadda take cika masa mafarki, ya bar yadda take a zahiri. Wannan shaida ce daga cikin gida, daga wadda ba ma wani shiri take yi da Siddal ba.

Batun aure tsakaninta da Rossetti shi ne raunin da ya ƙi warkewa. An yi ta gafara sa ba a ga ƙaho ba, kusan shekara tara. Rossetti ɗan gidan boko ne, mahaifinsa malamin harshen Italiya a King's College, kuma sai a 1855 ya iya gabatar da ita ga mahaifiyarsa. A tsakanin nan idonsa ya faɗa kan Annie Miller, da Fanny Cornforth, da Jane Burden wadda ya gani a Oxford a 1857, ita ce ta auri abokinsa William Morris a 1859. Mai karatu na yau yana iya ɗaukar wannan a matsayin kishi da ɓacin rai kawai, amma lamarin ya fi haka nauyi. Macen da aka sani tana shiga tana fita gidan namiji a Chatham Place, inda Rossetti yake zaune, shekara da shekaru ba tare da aure ba, ta rufe wa kanta ƙofar wani auren, kuma komawa shagon huluna ba mafita ba ce. Shi in ya fasa, babu abin da ya rage masa. Ita in aka fasa, ba miji, ba sana'a, ba suna. Duk sanda na karanta masu cewa tana amfani da ciwo don ta janyo shi kusa, sai in tambayi kaina wane makami kuma aka bar mata.

Nan ne ya kamata a dakata a dubi aikinta, domin shi ne ɓangaren da ake tsallakewa da sauri. Ta fara zane gadan-gadan a 1852, ba tare da ta taɓa zama a ajin da ake koyon siffar jikin mutum ba. Makarantar Royal Academy ba ta karɓi mace ba sai a 1860, shi ma don Laura Herford ta aika aikinta da haruffan farkon sunanta kawai, ba a gane mace ba ce. Rashin wannan horo yana bayyana a zanen Siddal: mutanenta a sandare suke, hannaye da kafaɗu ba koyaushe suke zama daidai ba. Ba na cikin masu cewa gwana ce da aka ɓoye wadda ta fi Rossetti, wanda ya zama mijinta daga baya. Ɗaliba ce mai ido na kanta, wadda aka katse tun ba ta kai ƙarfinta ba. Amma idon nan na gaske ne.

A Disamba 1853 ta zana matar Shalott, daga waƙar mawaƙin Ingila Tennyson, wadda aka la'anta cewa kada ta dubi duniya sai ta madubi, ranar da ta waiga ta leƙa taga kuwa mutuwa ce. Maza da yawa da suka ɗauki wannan labari sun zaɓi ƙarshensa, matar a cikin kwalekwale tana gangarawa ga ajalinta. Rossetti kansa, a zanen da ya yi wa bugun waƙoƙin Tennyson na 1857, gawarta ya nuna, jarumi Lancelot ya sunkuya yana kallo. Siddal ta zaunar da ita a gaban masaƙarta, cikin riga marar ado, hannu yana kan aiki, ta juya kai tana duban taga, madubi ya tsage, zare ya tsinke yana tashi. Macen da duniya ta sani a matsayin gawa a ruwa, da aka ba ta alƙalami sai ta zana mace tana aiki tana kallo. Haka ma hoton kanta da ta yi da fentin mai tsakanin 1853 da 1854: ƙarami ne, a zagaye, fatar ido mai nauyi, baki a tsuke, tana duban mai kallo a kaikaice ba fara'a. In aka ajiye shi kusa da zanen Rossetti, inda kullum idonta ke ƙasa ko a lumshe, sai ka ce mata biyu ne.

A 1855 John Ruskin, wanda a lokacin babu mai sharhin zane da ake jin maganarsa kamarsa a Ingila, ya saye zane-zanenta a kan fam 30, sannan ya yanka mata fam 150 a shekara a kan duk abin da ta zana ya zama nasa. Kuɗi ne masu kauri ga mace a lokacin, amma da igiya a jikinsu. Ruskin ya shiga tsara mata rayuwa, wane likita za ta gani, ina za ta je hutu, yaushe za ta ajiye aiki. Ya tura ta wurin abokinsa Dakta Henry Acland a Oxford, wanda ya duba ta bai sami wata babbar cuta a huhunta ba, ya danganta ciwon da basirar da aka daɗe ana dannewa sannan aka ɗora mata aiki fiye da kima. Maganin da aka ba ta shi ne ta daina zane ta tafi shan iska, ta yi hunturun 1855 zuwa 1856 a Faris da Nice. A 1857 aka yi baje kolin 'yan ƙungiyar a Russell Place da ke Landan, ita kaɗai ce mace a ciki, kuma Ba'amurke Charles Eliot Norton ya sayi zanenta mai suna Clerk Saunders, wanda yanzu yake gidan adana kayan tarihi na Fitzwilliam a Cambridge. A wannan shekarar ta bar kuɗin Ruskin, ta tafi Sheffield ta shiga makarantar zane. Macen da ta ajiye fam 150 ta koma aji ba ta yi kama da wadda ke zaune tana jiran mutuwa ba.

Sai maganin. Lodanam ofiyom ne da aka jiƙa a barasa, kuma a shekarun 1850 ana sayar da shi a kantin magani har da kantin kayan masarufi, ba takardar likita, da araha. Ana sha don tari, ciwon haƙori, ciwon mara, rashin barci, har jarirai ana ɗiga musu irinsa don su yi shiru. Jiki yana sabawa da shi, sai an ƙara yawa kafin a ji aikinsa, in an daina kuma sai amai da ciwon ciki da rawar jiki, waɗanda su ma da shi ake kwantar da su. Yana kashe sha'awar abinci, yana ramar da mutum. Da yawa daga alamun da aka rubuta game da Siddal, rama da amai da kasala da saurin fushi, sun dace da wannan zagaye, ko da wani ciwon ne ya fara kai ta ga kwalbar. Dokar da ta fara taƙaita sayar da ofiyom a Birtaniya ta zo ne a 1868, shekara shida bayan rasuwarta.

Rossetti ya aure ta ranar 23 ga Mayu, 1860, a cocin St Clement da ke Hastings, a lokacin da jikinta ya yi tsanani har ana tsoron ba za ta tashi ba. Ta ɗan farfaɗo, ta sami ciki. A watan Mayu 1861 ta haifi 'ya mace ba rai. Georgiana Burne-Jones, ƙawarta, ta rubuta cewa sun je gaishe ta ita da mijinta suka same ta zaune kusa da gadon jariri wanda babu kowa a ciki, tana girgiza shi, tana ce musu su yi a hankali kada su tashe ta. A yau likita zai gane wannan nan take a matsayin ciwon ƙwaƙwalwa mai biyo bayan haihuwa da rashin ɗa, kuma akwai abin yi. A 1861 abin da ke hannu shi ne ƙarin ɗigon lodanam.

Daren 10 ga Fabrairu, 1862, ta ci abinci da mijinta da mawaƙi Algernon Swinburne a otal ɗin Sablonière. Suka koma gida, Rossetti ya sake fita, da ya dawo ya same ta ba ta cikin hayyacinta, kwalba a gefen gado. Likitoci suka yi ta fama, har da wanke ciki, ta cika da safiyar 11 ga wata tana da shekara 32. A zaman binciken musabbabin mutuwa, mijin ya shaida cewa ya san tana shan ɗigo 100 a lokaci guda, aka yanke hukuncin cewa tsautsayi ne. Daga baya aka yi ta maganar wata takarda da ta bari, wadda aka ce Madox Brown ya sa aka ɓatar. Dalilin da zai sa a ɓoye irin wannan takarda a bayyane yake: kashe kai laifi ne a dokar Ingila har zuwa 1961, kuma a wancan lokaci wanda aka tabbatar ya yi shi da hankalinsa ana binne shi da dare ba addu'ar coci. Sai dai labarin takardar ya fito fili ne bayan shekaru da yawa, kuma masu ba da shi sun saɓa a kan abin da ke rubuce. Marubuciya Violet Hunt, a littafinta na 1932, ta cika shi da gishiri don ta ɗora wa Rossetti laifi, 'yar ɗan'uwansa Helen Rossetti Angeli ta mayar da martani a 1949 da wata ruwayar daban. Mace mai ɗauke da wannan baƙin ciki, wadda jikinta ya saba da ɗigo 100, tazarar da ke tsakanin kuskure da niyya a wurinta ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma ko wanne ne, abubuwan da suka kawo ta bakin gadon nan ba su canza ba.

Abin da ya biyo baya shi ya mai da ita tatsuniya. Rossetti ya saka littafin waƙoƙinsa na hannu cikin akwatin gawarta, a jikin gashinta, aka binne ta a maƙabartar Highgate. Ya yi shekaru yana aikin zanen Beata Beatrix, inda ya ba ta siffar Beatrice, masoyiyar mawaƙin Italiya Dante: ido a rufe, fuska sama, jar kurciya tana sauke mata furen da ake samun ofiyom daga jikinsa a tafin hannu. Zane ne mai kyau, ba na musu, amma ya ɗauki abin da ya kashe ta ya mai da shi kyauta daga sama. A Oktoba 1869 ya so waƙoƙinsa. Aka nemi izinin sakataren harkokin cikin gida, aka tone kabarin da dare a hasken wuta, shi bai je ba. Wakilinsa Charles Augustus Howell ne ya tsaya, ya dawo ya ce gawar ba ta lalace ba, gashinta ya ci gaba da tsiro har ya cika akwatin. Gashi ba ya tsiro bayan mutuwa, kuma Howell mutum ne da abokansa suka sani da ƙarya. Rossetti da kansa ya rubuta cewa tsutsa ta huda shafukan littafin, wanda sai da aka jiƙa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a miƙa masa. Duk da haka ƙaryar gashin ce ta rayu, ana ta maimaita ta har yau. Waƙoƙin suka fito a 1870. Rossetti ma bai ga da kyau ba: a 1872 ya sha lodanam da niyyar kashe kansa aka ceto shi, ya ƙarasa rayuwarsa a hannun maganin barci, ya rasu a 1882. Ban ga amfanin mai da shi dodo ba, ya ƙarfafa mata gwiwar zane lokacin da babu mai yi, ya kuma cuce ta, duka biyun gaskiya ne.

Waƙoƙinta ita kuwa, waɗanda ba su kai ashirin ba, ko ɗaya ba a buga ba tana raye. Bayan rasuwarta Rossetti ya so a haɗa wasu cikin littafin Christina, ita ta ga baƙin cikinsu ya yi yawa, aka fasa. Ɗan'uwansu William Michael ne ya riƙa fitar da su kaɗan-kaɗan daga shekarun 1890, yana gyara kalmomi, yana raɗa musu suna da kansa. Yawancinsu ba kwanan wata a jiki, amma masu rubuta tarihinta sukan ɗauki baitin da ya yi maganar mutuwa ko yaudarar masoyi su liƙa shi a kan shekarar da ta dace da labarinsu, kamar wasiƙa ce ta bari. Ba a yi wa Tennyson haka, ba a yi wa Christina haka, alhali su ma mutuwa ta cika waƙoƙinsu, domin salon zamanin ke nan, kuma Siddal ta tashi da karanta tsofaffin waƙoƙin gargajiya na Sukotlan masu cike da fatalwa da masoyan da aka kashe. An hana ta abin da ake ba kowane mawaƙi, wato a yarda tana iya ƙirƙirar murya wadda ba tata ba.

Sai a 1984 masana biyu, Deborah Cherry da Griselda Pollock, suka rubuta maƙalar da ta nuna cewa Siddal ɗin da ke cikin littattafan tarihin zane alama ce da aka gina don a nuna hazaƙar Rossetti, ba matar da ta rayu ba. A 1991 Jan Marsh ta shirya baje kolin aikinta ita kaɗai a Sheffield, karo na farko, shekara 129 bayan rasuwarta. A 2018 Serena Trowbridge ta koma kan takardun hannunta da ke gidan adana kayan tarihi na Ashmolean a Oxford ta buga waƙoƙin yadda ta rubuta su, ba gyaran William Michael. A 2023 Tate Britain ta rataye zane-zanenta kusa da na mijinta a baje kolin iyalan Rossetti, inda mai kallo zai iya gani da idonsa cewa wasu tsare-tsaren da aka daɗe ana cewa ta kwaikwaya daga gare shi, a takardarta suka fara bayyana.